Tarin Addi Mai Fitila

A Tanast, can cikin duwatsun kudancin Maroko, maza kashi biyu ne: 'yan rami da sauran mutane. Liman yana cikin sauran mutane. Haka malamin makaranta, haka mai kanti, haka ma jandarman da ake turo mana daga birni da uban gashin bakinsa. 'Yan rami su ne waɗanda keji, wato akwatin ƙarfe mai hawa da sauka, ke saukarwa cikin ƙasa kowace safiya su fasa dutsen tagulla, a loda shi a manyan motoci zuwa bakin teku. Su ake fara zuba wa shayi, su ake ba kafaɗar akuya ranar biki, kuma su kaɗai ke zama a kan tabarmar da ke jikin bangon shagon shayin Bihi, inda inuwa take daɗewa. Tabarmar ba wata tabarma ba ce, gefenta duk ya zare, tsakiyarta ta sha ƙunar sigari. Amma a kanta Addi ɗan Lahsen ya so ya zauna, kuma a kan son nan ya ƙarar da rayuwarsa.

Da a ce gadonta ake yi, da ya hau tun yana saurayi, don ubansa ɗan rami ne har ya koma ga Allah. Abin da ya ja masa shi ne 'yan shekarun da ya yi a makaranta a Tarudant. Ya dawo da Larabcin littafi a baki da mataji a aljihu, yana ganin duk ƙauyen nan babu wanda ya san sunan abubuwa sai shi.

To a wurinmu akwai kalma ɗaya da ba a furtawa daga bakin rami zuwa ƙasa. Balarabe yana ce wa tagulla nuhas, yana ce wa nahisa, wato rashin sa'a, nahas, mu kuwa da muke haɗiye rabin kowace kalma, duk biyun abu ɗaya suke fita daga bakinmu. Saboda haka ɗan rami ba ya kiran abin da yake haƙa da sunansa, sai dai ya ce “mutuniyar”. Yaron goye ma ya san wannan a Tanast.

Ranar da Addi ya fara aiki, aka ba shi hular kwano da fitila, ya shiga keji tare da ayarin safe da shugabansu, Dadda Hemmu, wani siririn mutum mai ƙaramar murya da ba ya maimaita magana. Keji ya fara sauka, hasken sama yana ta ƙanƙancewa, kowa ya yi shiru yana addu'a a ransa. Nan ne Addi ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya.

“To jama'a,” in ji shi, “yau dai zan ga nuhas ɗin nan da idona.”

Bai rufe baki ba keji ya yi wata girgiza ya tsaya cak, ba sama ba ƙasa. Suka yi ta reto a cikin duhu har kowa ya gama tuna zunubansa ya fara tuna na maƙwabta. Daga baya an ce wutar lantarki ce ta ɗauke, kuma gaskiya ne, don a lokacin, da wuya mako ya wuce ba ta ɗauke ba. Sai dai ba ta taɓa ɗaukewa daidai kan maganar wani ba. Da wuta ta dawo, Dadda Hemmu ya buga ƙararrawa aka ja kejin sama maimakon ƙasa. Sai da suka fito haske sannan ya dubi Addi.

“Ɗan Lahsen, marigayi bai gaya maka komai ba ne, ko makaranta ce ta wanke?”

“Dadda, ai sunansa ke nan a littafi.”

“To madalla. Sai ka je ka haƙa shi a littafin.”

Iyakar shigar Addi rami ke nan, kuma ko rabi bai kai ba. 'Yan rami suka ce in ya sake sa ƙafa a keji, to ya sauka shi kaɗai. Baturen da ke riƙe da kamfanin bai yarda da camfi ba, ya faɗa musu haka da Faransanci har jijiyar wuyansa ta tashi, amma ya yarda da motocin da ke tsaye suna jiran kaya. Sai ya tura Addi ɗakin fitila, wani ɗan ɗaki tsakanin bakin rami da injin niƙa dutse. Aikinsa ya miƙa wa kowa fitila da safe, ya karɓa da yamma, ya goge, ya sa a caji. Tun daga ranar sunansa ya koma Addi Mai Fitila.

Ba za a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya yanka bunsuru a bakin rami don wanke bakinsa. 'Yan rami suka cinye, suka yaba kitsen, suka ce za su duba maganar. Da ya ji shiru sai ya je ya ɗauko liman. Liman ya yi wa'azi mai ratsa jiki, ya ce camfi ba na Musulmi ba ne, kalma ba ta tsayar da ƙarfe, kuma ba abin da ke samun bawa sai abin da aka rubuta masa. Kowa ya gyaɗa kai.

“Gaskiya ne, Sidi,” in ji Dadda Hemmu. “To ga keji nan. Ku shiga kai da shi ku je ku dawo, mu kuma mu tuba.”

Liman ya dubi kejin, ya dubi rana, ya ce azahar ta gabato kuma bai kamata a bar masallaci ba kowa ba. Lokacin ko hantsi bai gama ɗagawa ba.

Da ya isa aure, danginsa suka haye dutse zuwa wani ƙauye mai nisa inda labarin keji bai kai ba, suka nemo masa Ijja. Aka tambaye su sana'ar yaro, suka ce a rami yake aiki. Ba su yi ƙarya sosai ba, kalmar “bakin” kawai suka manto a gida. Ijja ta gano gaskiya ranar da ta fara kai wanki rafi. Kayan ɗan rami in aka jiƙa su koren ruwa suke fitarwa, gumi da garin dutse, kuma da wannan koren matansu ke yi wa juna yanga. Ita ta matse rigar mijinta, ruwa ya fito fari tas kamar na alwala. Matan suka dubi juna, can wata ta ce, “Amarya kin yi dace, mijinki mai tsabta ne.”

Ta dawo gida ba ta ce masa uffan ba. Amma labari ya same shi, kuma daga makon nan ya fara tsinto koren dutse yana dakawa yana shafa wa rigarsa kafin ya taso daga aiki. Ijja ta daɗe tana wanke wannan ƙarya, ran nan dai ta gaji.

“Maigida, in za ka shafa, ka riƙa kaiwa har hammata da baya. Ba a ƙirji kaɗai mutane ke gumi ba.”

“Wace shafawa kuma? Ƙurar aiki ce.”

“To ka ja wa ƙurar kunne. Har da shatin yatsunka take zuwa.”

Mace ce mai baki, Ijja, amma a cikin gida take amfani da shi. A waje ba ta taɓa tona shi ba. Ta koma zuwa rafi da sassafe kafin sauran mata su fito, ta haifa masa 'ya'ya mata uku, ta aurar da su, ba wadda ta taɓa jin ta raina ubanta.

Zaman ɗakin fitila zama ne mai tsawo, daga an sauka sai jiran a hau. Addi ya sayi rediyo, ya zama malamin tagullar duniya. Ya san ramin ƙasar Chile da ake cewa buɗaɗɗe ne, mota ke shiga tana zagayawa har ƙasa. Ya san na Zambiya da na Kwango. In farashi ya motsa a Landan, shi ke riga Baturen ji. Da yamma sai ya ja ɗan benci ya zauna dab da tabarma, babban yatsansa saura ƙiris ya taɓa gefenta, yana ba da labari da “mu”.

“Mu masu wannan aiki, ko a Chile haka muke fama. Wayar da ke kai wuta gidajen Turawa, ai da guminmu aka ja ta.”

“Naka da na wa?” in ji wani daga kan tabarma.

“Ku ƙyale shi,” in ji Dadda Hemmu. “Ya san zurfin kowane rami a duniya. Na bayan ɗakinsa ne kawai ya gagare shi.”

Shekarar da aka yi yajin aiki shi ne a sahun gaba. Shi ya rubuta allunan, don ba mai rubutu irin nasa, ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. Da kamfani ya sauko aka yi walima, Dadda Hemmu ya miƙe ya gode wa 'yan rami ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu, sannan ya gode wa sauran jama'ar gari da suka ba da goyon baya, “irin su mata da Addi.” Addi ya tafa tare da kowa, amma ranar bai iya cin naman ba.

Sai kuma tari. Duk wanda ya yi shekaru a ƙasa yana fitowa da shi, wani busasshen tari da ke tasowa daga can ƙasan ƙirji ya ƙare da ɗan fito. Shi ke kashe su, kowa ya sani, amma a Tanast ba a ɗauke shi cuta ba, shaida aka ɗauke shi. In ɗan rami ya fara tari a taro, sai a dakata da magana har ya gama. Addi ya ga riga ba ta yi ba, labarin duniya bai yi ba, yajin aiki bai yi ba, sai ya koma koyon tari. Yana gwadawa a bayan ɗakin fitila lokacin da inji ke ruri, don kada a ji. Ranar da ya ga ya ƙware ya kawo shi shagon shayi, ya jira hira ta lafa, ya sake shi.

Bihi mai shayi ya leƙo daga bayan butocinsa. “Si Addi, ƙwallon dabino ka haɗiye? A kawo ruwa?”

Wani ya taso ya bubbuga masa baya da ƙarfin da ya wuce na taimako.

Wannan bai sa ya daina ba. Ya yanke a ransa cewa abin da tarinsa ya rasa shi ne ƙura ta gaske. Tagar ɗakin fitila tana kallon injin niƙa, kuma wanda ya riga shi aikin ya toshe ta da buhu da kwali. Addi ya cire su. Ƙura ta riƙa shigowa tana kwanciya a kan fitilu, a kan burodinsa, a kan girarsa, shi kuwa daɗi yake ji don yana komawa gida butu-butu kamar wanda ya yi aiki. Da kamfani ya raba abin rufe hanci, 'yan rami suka rataye nasu a wuya wai yana hana su numfashi. Addi ko karɓar nasa bai yi ba. Haka ya yi shekara da shekaru.

Aka wayi gari farashin tagulla ya yi faɗuwar da bai tashi da wuri ba, mutuniyar kuma ta yi nisa a ƙasa, kamfani ya ce zai rufe. Mutane suna tunanin abin da za su ci, Addi tunaninsa daban: in aka rufe ramin, ba sauran ranar da zai sauka. Ranar aiki ta ƙarshe ya sa hular kwano ya je ya tsaya bakin keji. Dadda Hemmu ya daɗe da barin aiki, amma ya dogaro sandarsa ya zo ganin ƙarshe, kuma har lokacin maganarsa ce magana.

“Dadda, sau ɗaya tak. Na rantse ba zan buɗe baki ba. In kun ga dama ku ɗaure min shi da rawani.”

“Yau? Mun ƙare ƙuruciyarmu muna lallaɓa mutuniyar, sai ranar sallama za mu kai mata kai? Bari mutane su fito lafiya, ɗan Lahsen.”

Suka sauka, suka hau. Addi ya karɓi fitilunsu ya goge ya jera, ko da yake babu mai sake kunna su. Ba a jima ba aka zuba kankare a bakin ramin.

Gari ya fara watsewa. Samari suka tafi Agadir da Kasabalanka, wasu suka haye teku. 'Yan rami kuma tari ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, har tabarmar da ake matsatsi a kanta a da ta koma ta 'yan tsofaffi ƙalilan, kowa na iya miƙe ƙafa. Wuri ya samu, amma Addi yana nan a bencinsa. Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan. Rami ya tafi, kamfani ya tafi, ba abin da ya rage musu na girma sai mutum ɗaya da za su hana zama, kuma suka riƙe shi gam.

Ijja ce ta fara lura. Ta saba da tarin mijinta, ta san ba ya yinsa sai da 'yan kallo. Wata rana tana tsakar gida tana fasa ƙwallon argan, 'ya'yan itacen da muke matsar mai daga cikinsu, sai ta ji shi a ɗaki yana yi, har da fiton nan a ƙarshe, kuma ba kowa kusa da shi sai kyanwa. Hannunta ya tsaya. Wannan tarin ba na koyo ba ne.

Ta sa shi gaba har asibiti a Agadir. Likitar, wata yarinya sa'ar autarsu, ta ɗauki hoton ƙirjinsa, ta ɗaga a haske, ta yi ta laluben yadda za ta faɗa masa a hankali. Ta ce huhunsa ya cika da garin dutse ya taurare, kuma irin wannan ba ya wankuwa.

“Tsaya, 'yata. Irin na 'yan rami ne?”

“Shi ne, Baba. Shekara nawa ka yi a ƙasa?”

Addi ya juya ya dubi Ijja, fuskarsa kamar ta ango. “Kin ji ko? Likita ce fa ta tambaya, ba ni na ce ba.”

Likitar ta ɗauka bai fahimta ba, ta sake bayani. Ya fahimta sarai. Ya yi ta sa mata albarka har ta rasa inda za ta sa kanta, ya roƙa a ba shi hoton. A motar dawowa Ijja tana kuka cikin mayafinta, shi yana rungume da hoton kada ya lanƙwashe. A tasha ya sayi curin sukari, irin wanda ake kaiwa in za a nemi aure ko sulhu.

Washegari ya sa farar jallabiyarsa ta Idi ya nufi shagon Bihi, yana tafe yana hutawa. Ya ajiye sukarin a gaban tsofaffin, ya miƙa hoton da hannu biyu. Dadda Hemmu, wanda yanzu sai an tayar an zaunar, ya ɗaga hoton ya kalli rana ta cikinsa. A juye ya riƙe shi, amma ba wanda ya gyara masa. Ya miƙa wa na kusa, hoto ya zagaya tabarma ya dawo.

“Ƙura ce, babu ko tantama. Ta ma fi tawa yawa.”

“Allah ya ƙara maka lafiya, Dadda.”

“Amma ta ina ta shiga?”

“Ta hanci mana, Dadda. Ta ina take shiga?”

“Shi hancin yana ina a lokacin?”

Addi ya miƙa hannu ya karɓi hotonsa.

“Yana sama,” in ji Dadda Hemmu. “Wannan ƙurar sama ce. Mu muka fasa, muka turo, inji ya tauna, kai kuma ka shaƙi saura. Allah ya ba ka lafiya, ɗan Lahsen.”

Sauran suka ce amin. Bihi ya fasa sukarin ya haɗa shayi da shi, aka zuba wa 'yan tabarma, sannan aka miƙa wa Addi nasa a kan benci. Ya karɓa ya sha, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba.

Ijja ba ta haƙura ba. Ta tura surukinta ofishin da kamfanin ya bari a birni, ko za su ɗauki nauyin magani yadda suke yi wa 'yan rami. Aka ce masa cutar rami sai wanda ya shiga rami, mai fitila kuwa ma'aikacin sama ne. Tun da aka fara haƙa a Tanast, 'yan rami da kamfani ba su taɓa yin baki ɗaya a kan komai ba sai a kan huhun Addi.

Da sanyi ya shigo ya kwanta. Maƙwabta suna ta zuwa dubiya, yana amsa gaisuwa amma idonsa na kan ƙofa, kuma Ijja ta san wanda yake jira. Ran nan ta yafa mayafi ta tafi shagon shayi, inda mata ba sa zuwa, ta tsaya a gaban tabarma.

“Dadda Hemmu, tsawon shekarun da ya yi yana goge muku fitila, akwai wanda tasa ta taɓa mutuwa a ƙasa?”

“Babu, Lalla Ijja.”

“To ƙafa ce ba ka da ita, ko kunya? In ƙafa ce, ga jaki nan a waje.”

Ya zo a kan jakin. Aka zaunar da shi kusa da shimfiɗa, aka kawo shayi da burodin sha'ir da man argan. Ba su yi wata hira ba, don ba mai numfashin yinta. Addi ya yi tari, Dadda Hemmu ya jira ya gama, sannan ya yi nasa. Haka suka yi ta karɓa-karɓa har rana ta yi sanyi. Tsohon yana saurare da kai a karkace, yadda yake sauraren rufin rami a da in yana son ya san ko zai riƙe.

Da zai tafi Ijja ta raka shi bakin ƙofa. Ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa.

“Ya iya, wallahi,” in ji shi. “Da ban san shi ba, da na rantse tarin rami ne.”

Aka ɗora shi a jaki ya tafi. Ijja ta tsaya riƙe da ƙofa, ranta yana tafasa, tana jin kamar ta bi shi da tsintsiya. Daga ciki Addi ya kira ta da 'yar muryar da ta rage masa.

“Na ji yana magana. Me ya ce?”

Ta shigo ta gyara masa bargo, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

“Ya ce ya rantse tarin rami ne.”

“Shi da bakinsa?”

“Da bakinsa.”

“Tun yaushe nake gaya muku,” in ji Addi. Ya lumshe ido, can ya sake buɗewa. “To ki wanke min jallabiyar nan. Gobe zan je, kada su yi ta jirana.”

Ta wanke, ta goge, ta rataye ta inda zai riƙa gani daga kwance. Kowace safiya yakan dube ta ya ce sai gobe, ita kuma ta ce Allah ya kai mu, har ranar da bai ce ba.